Tsohon zane a gaban allo: rayuwar Madam a ƙauyukan Adar da Majiya

A ƙauyukan gundumomin Madawa da Buza da Keita, cikin jahar Tawa, sunan kowace malamar makaranta ɗaya ne, Madam. Da shi yara ke kiranta, da shi iyayensu ke gaishe ta a bakin rijiya. Daga cikin waɗannan mata akwai masu wata ɗabi'a da baƙo ke lura da ita tun ranar farko. Maimakon yayin da ya fito bana, sun fi son shigar iyayensu ta shekarun 1970: tsohuwar atamfa, ɗaurin kallabi mai faɗi, kwalli a ido, da sarƙar azurfa a wuya. Wanda bai san yankin ba zai ɗauka ado ne kawai, alhali kuwa wannan shiga tana da aikin da take yi a lakwal da cikin gida.

Ranar irin wannan malama tana farawa tun kiran assalatu. Kafin ƙarfe 8 ta yi sallah, ta hura wuta, ta dama koko, ta wanke ƴaƴanta, ta ɗauki kaye-kayen ɗalibai da ta kwana tana dubawa da fitilar hannu. Sau da yawa ajin nata rumfa ce ta kara da zana, wadda iyaye ke kafawa bayan an gama girbi, ko da yake a takarda watan Oktoba ne komawa lakwal. Yaran aji na farko, wato CI, suna zuwa ne da Hausa ko Tamajek a bakinsu, ita ce za ta kai su ga baƙaƙe da lissafi. Idan tana shayarwa, jaririn na nan ƙarƙashin inuwar bedi a bayan wata ƴar raino. Da tsakar rana ta koma gida ta ɗora tukunya, da dare kuma ta shirya darasin gobe.

Duk da wannan ɗawainiya, ba ta shiga aji da zane a yamutse. Tun daren jiya ta zuba garwashi a dutsen guga ta goge kayanta, ta turara su. Mafi yawan zannuwan daga adakar mahaifiyarta suka fito, ko daga lefenta. Akwai holandis na kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a ƙasar Holan tun 1846. Akwai atamfar Uniwax da ƴan cin rani ke kawowa tsaraba daga Abijan, domin Adarawa sun daɗe da sanin hanyar Kodebuwa. Akwai kuma zanen gida na masaƙar Sonitextil ta Yamai, wadda daga baya ta koma Enitex. A can ƙasan adakar ake ajiye baƙin turkuɗi mai sheƙi, aikin marinan Kura kusa da Kano, wanda ba ya fitowa sai ranar suna ko biki. Sarƙar wuyanta kuwa aikin maƙeran Abzinawa ce, kuma cikin shahararrun samfuran nan 21 da Turawa ke kira kuros, wanda na Agadas ya fi suna, akwai na Tawa, akwai kuma na Madawa.

ƴan kasuwa sun fi kowa sanin dalili na farko da ya sa ake riƙon waɗannan kaya da daraja. Atamfa ta ƙwarai ajiya ce. Wadda aka buga da kakin zuma launinta ya ratsa ciki da waje, tana jure wanki da zafin rana shekara da shekaru, ba kamar ƴar kwaikwayo mai arha da ke koɗewa kafin damina ta zagayo ba. A yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, gidaje da yawa da zannuwa da azurfar mata suka sayi hatsi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin CFA da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga 50 zuwa 100, farashin duk abin da ke shigowa daga Turai ya yi sama. A shekarun nan ne kuma ma'aikatan gwamnati suka riƙa yin watanni ba albashi. Malaman da suka ga wannan zamani sun koya wa na bayansu cewa turmin holandis da ba a yanka ba kuɗi ne a ninke, ana iya jinginar da shi ranar da yaro ya kwanta asibiti. Darasin bai tsufa ba, domin daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga bisani na kwantaragi, waɗanda abin da suke samu bai kai na cikakken ma'aikaci ba. Shi ya sa za ka tarar da Madam cikin adashi tare da matan gari, irin tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta soma a jahar Maraɗi a 1991.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ya shafi karatun ƴaƴa mata. A wannan yanki maza da yawa suna tafiya cin rani da zarar an kai amfanin gona rumbu, gida ya koma hannun mata. Da aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka tare zaizayar ƙasa, suka dasa miliyoyin itatuwa. Uwa irin wannan ita ke yanke shawara ko yarinya za ta tafi lakwal da safe, ko kuwa talla da ɗibar ruwa da tsinkar albasa a fadama. Tsoron da ya daɗe a zukatan iyaye shi ne boko ya raba ɗiya da tarbiyyar gidansu. Idan uwa ta ga malama mai Faransanci a baki, mai albashin kanta, amma ɗaurin zanenta irin na kakar yarinyar, tana durƙusawa ta gaida tsofaffi, sai hankalinta ya kwanta. Gani ya kori ji. Gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 don kare yarinya mai karatu, amma a ƙauye abin da uwa ta gani da idonta shi ke sa ta bar ɗiyarta ta kai aji shida.

Wannan son kayan da yana kuma ciyar da masu sana'a. Telan kasuwa mai tsohon keken Singer yakan sami aikin rage rigar uwa ta dace da jikin ɗiya. Maƙerin farfaru yakan wanke azurfar da ta yi duhu, ya gyara maƙalar da ta karye. Mai kitso takan tuno da salon da ƴan mata suka manta. Sai dai kasuwa ta sake. Gwanjo da atamfar Sin sun cika rumfuna daga Tunfafi har Tamaske, marina da masaƙa na raguwa, kuma malamar da ta fito daga makarantar horon malamai ta Kawsen a Tawa ba za ta iya sayen holandis na asali da albashinta na farko ba. Abin da ta gada shi za ta lallaɓa.

Ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ke tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 don neman kujeru a shirin taron ƙasa, akan buga sabon zane na musamman kowace shekara. Wasu malaman sukan saya su ɗinka, wasu kuma su sayi nasu su ninke, su sa a adaka kusa da na iyayensu, da niyyar ranar da ɗiyarsu za ta gama karatu ta karɓi nata aji.