Balagar Labaran Bayi a Ajin Sakandare: Labarin Dorugu a Matsayin Matani ga Ɗaliban Ƙasar Daura

Gabatarwa

Idan aka ambaci labaran bayi a darasin adabi, hankali yakan tafi Amurka da Ingila, ga littafin Olaudah Equiano na 1789 da na Frederick Douglass na 1845. Wannan maƙala tana nuna cewa ɗalibin sakandare a Daura yana da irin wannan matani cikin harshensa, daga maƙwabtansa, kuma ya dace da koyar da balaga.

Dorugu da Ƙasar Daura

An haifi Dorugu wajajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, arewa da Daura. A ƙarni na 19 Zango da Baure sun kasance ƙarƙashin ikon Damagaram, kafin a sake haɗa masarautar a 1906, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa kan Daura na 1978. Mahara sun kama Dorugu yana yaro, ya faɗa hannun fatake har Kukawa, inda Adolf Overweg ya 'yanta shi. Ya bi Heinrich Barth zuwa Tambutu, sannan zuwa Ingila a 1855. A can ya ba J. F. Schön labarinsa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912.

Tambayoyin Balaga

Tun zamanin Aristotle an san hanyoyi uku na shawo kan mai sauraro: mutuncin mai magana, sosa zuciya, da kafa hujja. Kafin ɗalibi ya nemo su a matani, sai ya tambaya: wa ke magana, da wa yake yi, kuma alƙalami yana hannun wa?

Douglass da hannunsa ya rubuta, manufarsa kuma a kawar da bauta, saboda haka kowace jimla tasa tuhuma ce. Dorugu kuwa da baki ya faɗa, wani ya rubuta, kuma marubucin ɗan mishan ne mai neman misalan Hausa domin nahawu da ƙamus. Wannan ya sa labarin ya zo a natse, tafiya bayan tafiya, gari bayan gari. Kuskure ne ɗalibi ya ɗauki wannan natsuwa a matsayin rashin ciwo. Matashin da ke zaune a gidan mai tambayarsa, a ƙasar da ba tasa ba, dole ya auna maganarsa. Shiru ma magana ce, kuma aikin malami shi ne ya koya wa ɗalibi gano inda mai labari ya taƙaita da inda ya tsawaita.

Ana iya ƙara matani na uku, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934). A nan malami ne ke ba almajiransa labari, an kuma tufatar da azabar bauta da rigar haƙuri da ƙaddara, duk da cewa wahalar da mahaifiyar Umar ta sha wajen nemansa tana sosa zuciya fiye da kowace tuhuma.

Hattara a Aji

Bauta ba tsohon zance ba ce a ƙasar Hausa. Dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa bayan 1 ga Afrilu 1901, amma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya. Kalmomi irin su bacucane da rinji da murgu har yau suna da nauyi, kuma mai yiwuwa ne jikokin iyayengiji da na bayi su zauna a benci guda. Wajibi ne a tsayar da nazari kan matani, kada ya koma tonon asali.

Kammalawa

Haɗa Dorugu da Douglass da Shaihu Umar yana nuna wa ɗalibi cewa masifa guda tana iya fitowa da murya uku, gwargwadon mai sauraro. Wanda ya gane wannan a aji zai iya auna huɗuba da jawabin ɗan siyasa da ma'auni guda.