Karen gida da karen makiyaya: yadda za ka hana su faɗa

Malam manomi, in kaka ta yi, anka ɗaure hatsi, hukuma ta saki gonaki, makiyaya za su gangaro daga arewa da bisashensu, su ratsa ƙasar Sae Sabuwa, da Agiye, da Gazawa. Tare da su akwai karnukansu, dogaye, sirara, masu shafaffen ciki. Ana ce ma irinsu karen Azawak, don asalinsu kwarin Azawak ne, arewa ga Tawa. Tsayinsu a kafaɗa yakan kai santimita 70.

Wataƙila karenka ba shi damun kowa. Yana gadin rumbu, yana wasa da karnukan gari. Amma da ya hangi wanga dogon kare, sai gashin bayanshi ya tashi, ya yi gurnani, ya kai hari.

Mi ke kawo haka?

Galibi tsoro ne. Kare yana riƙe siffa, da wari, da irin tafiya. In bai saba da irin wanga kare ba tun yana ɗan kwikwiyo, cikin wata 3 na farko, ko kuma wani irinshi ya taɓa cizon shi, to duk mai kama da shi abokin gaba ne. Kada ka buge shi. In ya sha sanda duk sa'ad da dogon kare ya wuce, zai ɗauka shi ne ke jawo mashi duka, ƙiyayyar ta ƙaru.

Mi za ka yi?

1. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a saki gonaki, ka saba mashi da igiya da turke, a inuwa, da ruwa kusa.

2. In makiyaya sunka sauka, ka fita da shi ɗaure. Ka tsaya nesa, inda yana ganin karensu amma bai fara haushi ba. In ya duba ya yi shiru, ba shi ɗan tuwo.

3. Kowace rana ka matsa kaɗan. In ya yi gurnani, ka yi kusa da yawa ke nan: koma baya. Aikin yana cin makonni, sai haƙuri.

4. Kada yara su bi burtali da shi, kada su zuga shi.

5. In faɗa ya kaure, kada ka sa hannu. Watsa masu ruwa, ko ka shiga da zana tsakaninsu.

Wani kare ba zai taɓa son baƙon ba. Ya isa in ya bar kai hari.

Ina haɗarin yake?

Na farko, ciwon haukan kare. Yana bin miyau ya shiga ta cizo. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka ta hanyar kare. In alamunshi sunka bayyana, babu magani. Amma akwai allura tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya fara yin ta a Faransa. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi gidan likita ranar nan. A tsare karen, a kira malamin dabbobi ya duba shi. Kai kuma, kai naka a yi mashi rigakafi tun yana lafiya.

Na biyu, rigima. Makiyayi yana ji da karenshi, shi ke tsare mashi garke da dare. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar mashi da haƙƙin tafiya da bisashenshi. In karenka ya yi ɓarna, kada ka jira magana ta yi tsami. Ka tafi wurin maigari, a kira ardo, a sasanta.

In ka gama karantawa, karanta ma maƙwabcinka wanda bai shiga yaƙi da jahilci ba tukuna.