Masu Ɗora wa Tsohuwar Kwamfuta Sabon Windows

Laftof na hannu da ke shigowa ta Legas, su bi ta Computer Village a Ikeja, su sauka a shagunan titin Beirut a Kano, da yawansu lafiyarsu ƙalau. HP EliteBook 840 G3 ko ThinkPad T460 za ta yi wa ɗalibi aikin shekaru. Sai dai Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta zo da sharuɗɗa: na'urar tsaro ta TPM 2.0, ram aƙalla gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, da furosesa ta Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Waɗancan biyun 'yan zubi na shida ne. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kuma Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10. A wannan tsakanin ne mai gyaran kwamfuta ke neman abincinsa.

Jarinsa ba shi da yawa a ido: filash mai gigabait 8, sukudireba, da manhajar Rufus wadda kyauta ce. Amma sauke fayil ɗin Windows 11 kaɗai na cin data fiye da gigabait 5, ga kuɗin shago, ga man janareta. Da Rufus yake zuba fayil ɗin a filash, ya cire sharaɗin TPM da na ram, ya kunna kwamfutar daga filash ɗin.

Kafin fomatin akwai aikin da ya fi komai, wato kwashe kayan mai ita. Hotunan biki, kundin kammala digiri, lissafin shago, duk a ciki suke, kuma abin da aka goge ba kullum yake dawowa ba. Maigida na ƙwarai ba ya barin yaronsa ya taɓa maɓallin gogewa sai ya tambaya: "Alhaji, an kwafe komai?" Bayan an ɗora sai farautar direbobi, domin sau da yawa sauti ko Wi-Fi kan yi shiru. Idan batir ya mutu kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sai a koma farko, ladan kuwa ba ya ƙaruwa.

Kuɗin ɗorawar kansa kaɗan ne, mai kaya ma sai ya yi ciniki, yana ganin ai danne-danne ne kawai. Ribar ta fi zuwa idan ya yarda a sauya masa tsohon hadis da SSD a ƙara ram, abin da ke sa na'urar gudu fiye da kowace sabuwar manhaja.

Ni wanda ya fi burge ni shi ne mai faɗin gaskiya a cikinsu. Yakan gaya maka Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyare-gyare ba. Yakan ce maka kwamfuta mai furosesar Core 2 Duo ba za ta tashi da Windows 11 fitowar 24H2 ba ko da Rufus, gara a sa mata Linux Mint, ko da kuɗin da zai samu ya ragu.

Mai karatu, idan za ka kai taka, ka kwafe kayanka tun daga gida, ka tambayi zubin furosesarta, sannan ka biya mai gyara haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba.