Sauya agogo a Turai: Shin da gaske awa ɗaya na iya kwantar da mutum a asibiti?

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a Kiru ko Kwanar Ɗangora ya san abin da ke faruwa a ƙarshen watan Oktoba. Wasan Gasar Zakarun Turai da aka saba takewa da ƙarfe 8 na dare sai ya koma ƙarfe 9, na Firimiyar Ingila na ranar Asabar kuma ya tashi daga ƙarfe 3 zuwa 4. Idan ƙarshen Maris ya zo, komai ya koma yadda yake.

Ba masu shirya gasar ne suka sauya lokaci ba. Agogon ƙasashen ne ake juyawa. A Lahadin ƙarshe ta Maris, Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Jamus ce ƙasar da ta fara yin haka a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tsimin gawayin ƙasa. Dalilin shi ne tsawon yini: a Landan rana kan wuce awa 16 a sama a watan Yuni, a Disamba kuma ba ta cika takwas ba. A kudancin Kano bambancin yinin da ya fi tsawo da wanda ya fi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba, don haka Najeriya da Nijar ba su da abin da za su tsinta a ciki.

A daren da aka tura agogo gaba, mutane na rasa barci. Abin da likitoci ke jayayya a kai shi ne ko wannan rashin na illata lafiya.

Masu cewa akwai haɗari suna da hujjoji. A 2008, masu bincike biyu a Suwidin sun wallafa a mujallar New England Journal of Medicine cewa bugun zuciya na ƙaruwa da kusan kashi 5 cikin 100 a makon da ya biyo bayan sauyin. A 2014 wani bincike a asibitocin jihar Michigan ta Amurka ya fito da adadin da ya fi yawo a kafafen sada zumunta: ƙarin kashi 24 cikin 100 a Litinin ta farko. Sai kuma na Jami'ar Colorado a 2020, wanda ya duba haɗurran mota fiye da 700,000 da aka rasa rai a cikinsu tsakanin 1996 da 2017, ya ga ƙarin kashi 6 cikin 100 a wannan makon, wato kimanin haɗurra 28 a shekara.

Sai dai wannan kashi 24 yana buƙatar a tsaya a kansa, domin masu yaɗa shi ba sa ƙarasa labarin. Asibitocin sun saba karɓar masu bugun zuciya kusan 32 a kowace Litinin, ranar kuma aka samu ƙarin kamar takwas. Da aka haɗa lissafin makon gaba ɗaya, adadin bai bambanta da na sauran makonni ba. Fassarar da masu binciken suka karkata gare ta ita ce, mutanen da dama zuciyarsu na gab da bugawa ne abin ya zo masu da wuri da 'yan kwanaki. Rashin barcin ya tunkuɗa wanda yake bakin rami, bai haƙa ramin ba.

Manyan binciken da suka biyo baya sun ƙara rage fargabar. A 2024 asibitin Mayo Clinic ya duba bayanan manya sama da miliyan 36 a Amurka, ya ce tasirin sauyin a kan ciwon zuciya ƙanƙani ne ƙwarai. A 2025 masu bincike a Jami'ar Duke sun bi bayanan majinyata kusan 170,000 na shekara goma, ba su ga wani ƙarin a zo a gani ba. Duk da haka ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta nemi a daina sauyin tun 2020, Majalisar Tarayyar Turai ma ta kaɗa ƙuri'ar soke shi a 2019, amma gwamnatocin ƙasashen sun kasa cimma matsaya. Masar kuwa komawa ta yi gare shi a 2023, don rage shan wutar lantarki.

Inda kowa ya yarda shi ne jikin ɗan Adam na da agogonsa, kuma hasken rana ne ke saita shi, ba dokar gwamnati ba. Yana iya bin sauyi idan a hankali ya zo. Manomin rani a bakin madatsar Tiga da ke Bebeji yana ganin lokacin Asuba na matsawa da kusan minti 50 tsakanin Yuni da Janairu, amma kaɗan-kaɗan cikin watanni, har ba ya ji a jikinsa. Sauyin dare ɗaya ne ke rikita jiki.

Irin wannan kuwa ba sai an je Turai ba. A daren farko na azumin Ramadan, magidanci da musamman uwargidan da ke dafa sahur suna komawa tashi wajen ƙarfe 3 ko 4, bayan Tarawihi ta tura lokacin kwanciya gaba. Wannan ya fi awa ɗaya nesa ba kusa ba. Maroko ma har agogonta ta riƙa mayarwa baya da awa guda a watan. A nan abin da ke cike giɓin shi ne ƙailula, ga wanda aikinsa ya bar shi ya yi. Mai hawan jini ko ciwon suga ko tsohon ciwon zuciya, wato irin mutanen da binciken Michigan ya nuna, shi ya kamata ya ga likita kafin watan ya kama.

Sai kuma a dawo gidan kallon. Daga ƙarshen Oktoba, wasan da aka take ƙarfe 9 ba ya ƙarewa sai wajen 11 saura, kafin a gama gardama a isa gida dare ya raba. Ladan ba ya jinkirta kiran Asuba don Landan ta juya agogo. Cikin 'yan kallon akwai direbobin haya da za su kama hanyar Jos da sassafe, su bi ta Tudun Wada su ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, da 'yan acaɓa masu shiga ƙauyukan gefen dajin Ɗansoshiya. Mutumin Landan sau ɗaya a shekara yake rasa awar nan. Direban da ba ya barin wasa ya wuce shi yana rasa ta daren Talata da na Laraba, a duk makon da ake gasar, har zuwa ƙarshen Maris.