Jiragen da Suka Fara Sauka a Kano na Soja Ne

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A suka sauka a Kano ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, bayan sun taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba. An saba ba da labarin a matsayin mafarin sufurin sama a Najeriya. A ganina wannan rabin zance ne. Jiragen na runduna ta 47 ne ta sojan saman Ingila, wadda aka kafa a 1916, ta kuma ƙware a fagen daga na Salonika wajen leƙen sansanonin abokan gaba daga sama. Sana'arta ke nan: ta hango, ta auna, ta kai rahoto.

A dubi hanyar da suka biyo: Khartum, El Fashir, Abeshe, Fort Lamy (Njamena ta yau), sannan Maiduguri. Tsohuwar hanyar alhazan ƙasa ce, wadda Turawan mulki ke ɗari-ɗari da ita, don suna zargin ta nan aƙidar Mahadiyya ke shigowa. Shekara biyu kacal kafin nan suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu bisa wannan zargi. A kan hanyar ne kuma, a 1916, jiragen runduna ta 17 suka riƙa leƙen dakarun Sarkin Darfur Ali Dinar, har suka yi musu ruwan bama-bamai. Wani zai ce ai Coningham ko harsashi bai harba ba, gwajin dogon zango kawai ya yi. Haka ne, amma soja ba ya awon hanya don nishaɗi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta, Italiya ta sa Bahar Rum ya gagari jiragen ruwan Ingila, sai aka koma wannan layi: daga 1940 zuwa 1943 jiragen yaƙi sama da 5,000 da aka harhaɗa a Takoradi suka bi ta Kano zuwa Masar. Coningham ɗin nan shi ne ya jagoranci sojan saman Ingila a hamadar Libiya daga 1941.

Ba a musun cewa 'yan kasuwa da alhazai sun ci moriyar filin jirgin Kano daga baya, sai dai su suka zo a bayan soja. Leƙen asirin soja daga sama kuwa bai ƙare da zamanin Turawan mulki ba: har zuwa 2024 Amurka na tayar da jiragen leƙen asiri marasa matuƙi daga sansaninta na Agadas.