Filin kowa da kowa a kasuwa: yadda aka sake fasalin kasuwar Dandaji

Ga abin da muka tattauna a wannan mako, saboda wanda yana can daji da dabbobi ko yana bisa hanya da kaya lokacin da aka watsa shirin.

Duk ranar da aka ce za a rushe kasuwa a sake gina ta, tambaya biyu ake ji a bakin mutane: shago nawa za a yi, kuma nawa ne haya? Tambayoyi ne masu kyau. To amma kai da ka koro bisashe tun asuba, ko ka sauko daga mota da buhunan albasa, lissafa yininka a kasuwa. Awa nawa ka yi cikin shago? Galibin lokacinka a waje ka yi shi: kan hanya tsakanin rumfuna, gindin itace kana jiran dillali, bakin rijiya, wajen mai shayi, masallaci, tashar lodi. Wannan filin ba shi da mai shi, babu mai biyan hayarsa, shi ya sa shi ake fara cinyewa idan an zo zana sabuwar kasuwa. Kowace taku da aka bari a buɗe, mai neman kuɗin haya gani yake yi asara ce.

Akwai wani gari a jihar Tawa ta Nijar, sunansa Dandaji, inda aka juya lissafin. Da can kasuwar garin mako-mako take ci, kewaye da wani tsohon itace, kamar yadda kuka san kasuwannin ƙauyukanmu. Aka so a mayar da ita ta kullum, don mai sayarwa ya samu mazauni, mai saye ya daina jiran ranar kasuwa. Wadda ta zana aikin 'yar Nijar ce, Mariam Issoufou Kamara, masaniyar zanen gine-gine da ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. Sunan da ta sa wa ofishin a lokacin ma na gida ne, Masomi, wato mafari. An kammala kasuwar a 2018, da shaguna 52.

Abu na farko da ta yi shi ne ta bar itacen nan a inda yake. Ba ta tsaya nan ba, ta mayar da gindinsa cibiyar kasuwar, aka yi wuraren zama kewaye da shi, layukan shaguna suka biyo baya. Ka ga ke nan an fara da inda mutane suka riga suka saba taruwa, sannan aka nemo wa gini wuri. Duk wanda ya taɓa cinikin sa ko raƙumi ya san amfanin wannan. Ciniki babba ba a tsaye ake gama shi ba. Sai an zauna, an gaisa, an tambayi iyali da labarin damina, an yi "albarka" sau uku kafin a kai ga "na sallama". Kasuwar da ba ta da wurin zama, cinikin nan ficewa yake yi ya koma bayan katanga ko zauren wani, kuma masu abinci da masu shayi su bi shi can.

Sai maganar inuwa, wadda ita ce ta sa hoton kasuwar ya zagaya duniya. Itace a ƙasar Adar ba ya girma da wuri, ga ƙarancin ruwa, ga awaki. Maimakon a rufe ko'ina da kwano, sai aka kafa sandunan ƙarfe, bisa kowanne aka ɗora faifan ƙarfe mai faɗi kamar laima, da ƙarfen da aka sake sarrafawa, aka shafa musu launi iri-iri. Ba tsayinsu ɗaya ba, wani ya ɗara wani, gefunansu na hawa kan juna. Hikimar a nan take. Iska mai zafi sama take tashi. A ƙarƙashin rufin kwano guda ɗaya mai ƙasa-ƙasa ba ta da mafita, sai ta tsaya a kan mutane, kwanon kuma ya riƙa sauko da zafin rana kamar tanda. Idan rufin a rarrabe yake, da tazara tsakanin faifai, zafin na fita ta sama, iska mai dama-dama ta shigo ta gefe. Mai tumatir da mai nama su suka fi kowa gane bambancin, domin kayansu ne ke lalacewa kafin la'asar.

Shagunan kuwa da tubalin ƙasa aka gina su, irin wanda ake matsewa a inji. Jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a ɗan sa mata siminti kaɗan da ruwa, a danne ta da ƙarfi, a bar ta ta bushe ba tare da an gasa da itace ba. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ta sake shi sai dare, lokacin da kasuwa ta watse. Kakanninmu sun san wannan, mu ne muka ɗauka bulon siminti shi ne ci gaba. Kuma kuɗin aikin a gari yake zama, wajen masu haƙar ƙasa, magina da maƙera, maimakon ya tafi wajen sayen siminti da dakonsa daga nesa. Kada wani ya ce ai wannan sai ƙaramar kasuwar ƙauye: babbar kasuwar Kudugu a Burkina Faso, mai shaguna fiye da dubu, da irin tubalin nan aka gina ta, har ta ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2007. A can, kafin a fara aikin gadan-gadan, sai da aka gina shago guda na gwaji, 'yan kasuwa suka shiga suka gani da idonsu, suka faɗi abin da za a gyara.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi tsada idan an yi sakaci da shi, wato hanya. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa, kuma wuta ta sake taɓa ta a 2009. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi asarar dubban shaguna a gobarar 2016. A 2021 kuma babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina duk sun sha wuta, wata biyu kacal tsakani. Wuta ƙaddara ce, haka ne, amma abin da ke sa ta cinye kasuwa sukutum sananne ne: wayoyin lantarki a cakuɗe, janareto da galan ɗin fetur a bayan shago, rumfunan katako manne da juna, ga hanya ta toshe. Motar 'yan kwana-kwana faɗinta ya kai mita biyu da rabi. Layin da aka zana da faɗi, yau wannan ya fito da tebur taku ɗaya, gobe na gabansa ya fito da taku biyu, shekara na zagayowa ko amalanke da ƙyar take ratsawa. Ranar da wuta ta tashi, motar na bakin ƙofa, ruwa na cikinta, jama'a na kallo. A Sabon Gari an shigo da lantarki mai aiki da hasken rana daga 2018, shaguna da dama suka huta da janareto. Wannan ya rage hayaƙi da ƙara da fetur a cikin kasuwa, amma hanya kam sai masu kasuwa sun tsare ta da kansu.

Makiyaya, ga naku. Sau da yawa mai zanen kasuwa daga birni yake zuwa, a idonsa kara fili ne kawai da za a tura bayan gari. Kara tana buƙatar ƙofarta daban, don kada garke ya ratsa layin masu ƙwai da tukwane. Tana buƙatar mashaya, da tudun lodi inda babbar mota za ta jingina shanu su hau ba tare da duka da karaya ba, da magudana don kada ruwan damina ya kwaso kashin dabbobi zuwa wajen masu abinci. Kashin nan ma kuɗi ne, manoma na sayensa taki, in an ware masa wurin tarawa. Sai leda. Nijar ta yi dokar hana shigo da leda maras kauri tun 2014, amma kowa ya ga yadda take kwance a bakin kasuwanni, kuma mahauta ne shaida kan abin da suke cirowa daga tumbin akuya da saniya. Kwandon shara a kowane layi, da mai kwashewa da ake biya a kan lokaci, ya fi wa dabbarka amfani fiye da ƙofar kasuwa mai ado.

Akwai kuma waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu a takardar rabon shaguna: matan da ke kawo nono da man shanu daga ruga, masu fura, masu ƙuli-ƙuli, 'yan dako, mai gyaran takalmi. Su ba su da shago, filin kowa da kowa shi ne shagonsu. Idan sabuwar kasuwa ba ta bar musu inuwa da dakali da ruwan wanke ƙwarya ba, ko makewayin mata mai ƙofa, za su koma bakin titi, masu saye su tsaya wajensu, shagunan ciki su yi ta hamma. Haka nan shagon bene: mai saye da kaya a kai ba ya son hawa matakala. A ganina, duk zanen da ya tara shaguna a sama ya matse ƙasa, don mai karɓar haya aka yi shi.

Saboda haka idan magajin gari ko shugaban ƙaramar hukuma ya kira taro kan sabuwar kasuwa, kada ku bar wa masu manyan shaguna kaɗai. Sarkin kasuwa, sarkin tike, arɗo, shugabar mata masu sana'a, kowa ya je. Ku ce a auna muku faɗin layi da igiya a ƙasa ku gani, domin zane a takarda yana ruɗi. Ku tambayi inda za a tsugunar da ku lokacin aiki, da wata nawa, da ko wanda ke da rumfa a tsohuwa yana da haƙƙi a sabuwa, a rubuce. Ku tambayi kashi nawa na kuɗin tikitin da ake karɓa kowace ranar kasuwa zai dawo wajen shara, gyaran famfo da yashe magudana, da hannun wa zai shiga.

Wanda kasuwar garinsu ke cikin irin wannan aiki, daga kowane ɓangare na iyaka, ya aiko mana da saƙo, za mu karanta a shiri na gaba, inda za mu duba batun rijiyoyi da mashaya a kan burtali.