Gwajin sankara da lissafin mace-mace: wata matsala ta fassara

A wannan ƴar takarda za mu dubi kalmomi huɗu na aikin likita. Faransanci ya raba *dépistage* da *diagnostic*: na farko awo ne da ake yi wa wanda bai ji ciwon komi ba, na biyu kuwa bincike ne a kan wanda ya zo da kuka. Hausa "gwaji" take ce wa duka biyun. Haka nan *incidence*, wato sababbin masu cutar da aka ƙirga a shekara, da *mortalité*, waɗanda ta kashe, sukan narke cikin jimla guda: "sankara ta yi yawa".

Mu ɗauki misalin Dogo, a yankin Mirriya, jihar Damagaram. In ungozomomi suka fara duba bakin mahaifar mata da ruwan binigar, a shekarun farko lissafi hawa zai yi. Ba cutar ce ta ƙaru ba. Rajistar sankara da aka kafa a Yamai a 1992 ba ta ƙirga sai abin da likita ya gani, macen da ta rasu a ƙauye ba ta cikinta.

Abin da zai biyo baya ya danganta da irin sankarar. Ta bakin mahaifa tana da gyambon share fage da ake iya kawarwa kafin ya rikiɗe. Shi ya sa a Finlanda, inda aka soma gwajin a 1963, sababbin masu cutar da mace-mace duk suka ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Koriya ta Kudu ta ga akasin haka game da sankarar maƙoshi, wato *thyroïde*: abin da aka gano a 2011 ya ninka na 1993 sau 15, amma mace-mace ba su motsa ba. An yi ta fiɗa a kan ƙulluttukan da ba za su taɓa kashe masu su ba.

Don haka, a ganinmu, kuskure ne a fassara *incidence* da "masu kamuwa". "Waɗanda aka gano" ya fi gaskiya. *Dépistage* kuma mu ce "awon masu lafiya", tunda "riga-kafi" allura yake tuna wa jama'a. Sai dai awo ba ya rage mutuwa in magani bai biyo ba: mutuniyar Dogo sai ta je babban asibitin Zinder, in kuma gashin haske take bukata, sai Yamai, kusan kilomita 900, inda aka fara shi a 2021.